Babi Na Huɗu Ya Gagare Ni, Wasan Bidiyo Ya Karɓe Ni: In Bar Karatun Ne?

Wasiƙar wannan makon daga wani matashi ɗan unguwar Aboabo take, a nan Kumasi ta ƙasar Ghana, kuma ya roƙi a sakaya sunansa. Doguwa ce ƙwarai, saboda haka na tsamo abin da ya fi shafar tambayarsa.

"Assalamu alaikum, Kawu. Shekarata 29, ina karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar muhalli a wata jami'a. Karatun na shekara biyu ne, ga shi ina cikin ta uku. Bincikena a kan ruwan rijiyoyin unguwanninmu ne. Na ɗebo ruwan, na gama gwaje-gwaje, amma babi na huɗu, inda zan bayyana ma'anar sakamakon, ya gagare ni yau wata tara. Malamin da ke duba aikina ya riƙe babi na uku wata huɗu, da ya dawo mini da shi kuwa ba shafin da jan biro bai taɓa ba, tun daga ranar gwiwata ta yi sanyi. Ina da PlayStation tun lokacin hidimar ƙasa, da ita a ɗaki na ci jarrabawar shekarar farko da sakamako mai kyau. Yanzu kuwa da an idar da isha'i sai in kama wasan ƙwallo a kanta har ƙarfe uku ko huɗu na dare, in an ɗauke wuta in koma Call of Duty a waya. Asuba takan wuce ni, kuma na taɓa kuɗin makarantar da Baba ya ba ni na sayi 'yan wasa da shi. Baba fataucin goro yake yi, duk lokacin da ya tambaya sai in ce saura kaɗan. Abokina da muka yi makarantar allo tare ya bar boko tun ƙaramar sakandare, yau yana da garejinsa a Magazin da ke Suame, da mata da 'ya'ya biyu, ni kuwa a majalisa Farfesa ake kirana, na kuma san zolaya ce. Na daɗe ina tunani, na ga wasan bidiyo ya fi jami'a da ƙasar gaba ɗaya adalci, domin doka ɗaya ce a kan kowa, in ka iya ka ci, ba sai ka san wani ba. Shin in bar karatun in nemi abinci ta hanyar wasan, tunda wasu suna samu, ko in sayar da na'urar in huta?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Abu na farko da na lura da shi shi ne, mutumin da ya ce rubutu ya gagare shi wata tara ya zauna ya rubuto mini wasiƙar da ta kusa kai tsawon babi guda, da hujjoji a jere, kowace tana riƙe da 'yar'uwarta. Ke nan hannunka lafiya lau yake, kanka ma haka. Abu na biyu kuma, hanyoyi biyun da ka ba ni in zaɓar maka, barin karatu da sayar da na'ura, duka biyun ba wadda za ta sa ka buɗe babi na huɗu gobe da safe, kuma ina zargin abin da ya sa suka yi maka kyau ke nan.

Sake duba yadda abubuwan suka zo a jere cikin labarinka. Na'urar tana ɗakinka tun kana hidimar ƙasa, tana nan ka yi shekarar farko ka ci jarrabawa, tana nan ka bi unguwanni da kwalabe kana ɗibar ruwa. Ba ta zama dodo ba sai ranar da babi na uku ya dawo da jan biro. In ka sayar da ita yau ba tare da ka taɓa abin da ya kora ka wurinta ba, an bar jaki ana dukan taiki ke nan, kuma kafin wata ya ƙare za ka sami kanka kana kwana a kan wani abin daban, ko kallon bidiyo a waya ko gardamar siyasa a majalisa. Na san haka domin ni ma na yi. Lokacin da nake haɗa koyarwa da nawa karatun, ba mu da waɗannan na'urori, amma akwai dara a gindin dalbejiya a Asawase, kuma na ba ta kusan shekara guda ta rayuwata ina gaya wa kaina cewa hutawa nake yi kafin in zauna rubutu.

Irin karatun da kake yi yana da wani rami da ba a cika gaya wa ɗalibai ba kafin su faɗa. A shekarar farko akwai jadawali, akwai aji, akwai abokai, akwai jarrabawa da ranarta, wato irin karatun da ka saba da shi tun firamare, wanda wani ne yake yanka maka aikin ya kuma gaya maka ko ka yi daidai. Da an shiga shekarar bincike sai a janye duk wannan a lokaci guda, a bar ka kai kaɗai da kwamfuta da wani aiki wanda ba ka san iyakarsa ba, ba mai cewa madalla, ba mai cewa gyara, sai bayan watanni. Yanzu ka auna wannan da abin da wasan ƙwallo yake ba ka. Ka san abin da ake nema, ka san yadda ake samunsa, cikin minti goma sha biyar an yanke hukunci, in ka sha kashi ka sake shiga nan take ba wanda zai tuna, ga kuma wani mutum a ɗaya gefen yana jiran ka. Duk abin da bincike ya hana ka shi wasan yake miƙo maka da arha, saboda haka ban ga abin mamaki ba don zuciyarka ta karkata can. Kuma ba kai kaɗai ba ne. A wani bincike da aka wallafa a 2017 a kan ɗaliban digiri na uku sama da 3,600 a yankin Flanders na ƙasar Beljiyam, an gano cewa kusan ɗaya cikin uku yana cikin haɗarin kamuwa da larurar ƙwaƙwalwa irin ta baƙin ciki mai tsanani, kuma yadda malami mai duba aiki yake tafiyar da ɗalibinsa yana cikin abubuwan da suka yi tasiri. Waɗannan fa ɗalibai ne a ƙasar da ba a ɗauke wuta, yawancinsu ma ana biyan su albashi.

Wannan uzurin da na ba ka yana da iyaka, kuma iyakarsa ita ce maganar kuɗin. A nan ba zan sassauta maka ba. Wasan ƙwallon da kake bugawa, wanda aka sani da FIFA tun 1993 kafin a sauya masa suna zuwa EA Sports FC a 2023, yana da wani sashe inda ake sayen ƙunshin katunan 'yan wasa ba tare da an san waɗanda ke ciki ba sai an buɗe. Huhun ma'ahu ke nan, kuma ɗan mai goro bai kamata a koya masa haɗarin sayen huhun da ba a kwance ba. Kamfanin da kansa yana bayyana cewa damar samun wasu manyan katunan ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba. Tun a shekarun 1950 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna B. F. Skinner ya nuna, ta hanyar gwaji da tattabaru, cewa tsuntsun da ake ba hatsi jefi-jefi, ba tare da ya san saran da zai kawo hatsin ba, ya fi wanda ake ba a kan ƙa'ida naci, kuma ya fi daɗewa yana sara ko bayan an daina ba shi. A kan wannan ɗabi'a aka gina injin caca, a kanta kuma aka gina wannan ƙunshi. Hukumar da ke kula da caca a Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin wannan ciniki caca ne, har kamfanin ya daina sayar da kuɗin cikin wasan a ƙasar a farkon 2019. Mu kuwa ba mu buƙatar Beljiyam ta gaya mana. Ka buɗe Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, ka ga yadda aka ambaci caca, aka kuma ce tana kange mutum daga ambaton Allah da salla, sannan ka tuna asubahin da suka wuce ka. Malamai sun yi saɓani a kan wasanni irin su shaɗaranji, amma ko waɗanda suka sauƙaƙa sun gindaya sharaɗin kada a sa kuɗi kuma kada ya sa a bar salla, kai kuwa ka karya duka biyun. Wannan sashen ka rufe shi yau, ka raba momo ɗinka, wato asusun kuɗin wayarka, da asusun wasan, ba sai ka gama karanta sauran amsar ba.

Ko kana da ciwo ne? Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa larurar wasan bidiyo a cikin kundinta na cututtuka, wanda aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a Janairun 2022. Ba yawan awoyi take dubawa ba. Alamomi uku take nema: mutum ya kasa sarrafa lokacin farawa da dainawa, wasan ya hau kan sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, yawanci har tsawon wata goma sha biyu. Ni ba likita ba ne, kuma ba a gane ciwo ta wasiƙa, amma wata tara da ka ambata da alamomin da ka lissafa da bakinka sun isa su sa ka je ka ga mai ba da shawara a jami'arku, domin manyan jami'o'inmu suna da irin wannan ofishi, ɗalibai ne kawai suke jin kunyar shiga. Idan kuma ka lura abinci ya daina yi maka daɗi, ko ka daina jin daɗin komai har da wasan kansa sai dai kawai ka kasa ajiyewa, ko tunanin cewa gara ba ka raye ya fara zuwa maka, to wannan ya wuce shawarar jarida, ka je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye ba tare da jinkiri ba, ka kuma tafi da wani ɗan'uwa. Zuwa can ba hauka ba ne, kamar yadda zuwa auna hawan jini ba mutuwa ba ce.

Yanzu ga falsafarka, wadda na ga ita ka fi ƙawatawa a wasiƙar. Rabinta gaskiya ne, ba zan yi maka musu ba. Duk wanda ya nemi aiki a ƙasar nan ya san mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, kuma wanda ya rayu a Disambar 2022, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari, ya ga yadda albashin mai digiri ya narke a hannunsa. Takaicinka a kan wannan halal ne. Amma adalcin da kake gani a wasan, ka san yadda ake ƙera shi? Wasannin da ake bugawa ta intanet suna auna ƙarfin kowane ɗan wasa su haɗa shi da tsaransa, bisa irin lissafin da wani malamin kimiyya mai suna Arpad Elo ya tsara wa 'yan shaɗaranji, wanda hukumarsu ta duniya ta karɓa a 1970. In ka yi ta ci sai a kawo maka wanda ya fi ka, in ka yi ta faɗuwa sai a kawo maka wanda za ka iya dokewa, ta yadda ba za ka gaji da nasara ba kuma ba za ka yanke ƙauna ba. An daidaita ma'aunin ne don kada ka tashi, domin zamanka shi ne kasuwar. Ban da haka, kai da kanka ka sa kuɗi don ka sami 'yan wasan da suka fi na abokin karawarka, to ina doka ɗaya a kan kowa? Kuma ka sha ganin wanda intanet ɗinsa ya fi naka ƙarfi ya zura maka ƙwallo kafin hoton ya iso allonka. Can ma akwai masu uwa a gindin murhu. Abin da ya sa rashin adalcin wasan ba ya yi maka zafi shi ne ba abin da ka ajiye a ciki wanda in ka rasa za a ji a gida.

Ina jin tsoron wannan tunanin naka ya zama maɓoya ta biyu, wadda ta fi ta farko haɗari saboda tana kama da ilimi. Mutum mai kaifin basira yana iya gina hujja mai kyau a kan dalilin da ya sa bai kamata ya yi aikin da yake tsoro ba, har ya burge kansa. In har ƙasar ba ta da adalci, to mutanen da suka fi ɗanɗana rashin adalcin su ne masu shan ruwan rijiyoyin da ka gwada, waɗanda famfon da ke kawo ruwan madatsun Barekese da Owabi bai wadace su ba, kuma kuɗin sayen fiyawata kullum ya fi ƙarfinsu. Sakamakon gwajin ruwansu yana cikin kwamfutarka wata tara.

Batun neman abinci da wasa ba zan daɗe a kansa ba. A gasar duniya ta wasan bidiyo na Fortnite da aka yi a New York a 2019, wani yaro ɗan shekara 16 ya ci dala miliyan uku, labarin da kowa ya ji ke nan. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mutane kusan miliyan 40 ne suka shiga zagayen share fage. YouTube kuma, in da dogayen bidiyo ka dogara, ba ta fara raba maka kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awoyin kallo 4,000 cikin shekara guda, kuma isa wannan mataki ba ya nufin abin da za a ba ka zai biya ko kuɗin data. In da gaske harkar wasanni kake so, akwai 'yan ƙasar nan da suka mai da ita sana'a, irin su Eyram Tawia, wanda shi da Wesley Kirinya ɗan Kenya suka kafa kamfanin Leti Arts a 2009 suna ƙera wasanni daga labaran Afirka. Sai dai aikinsu rubuta manhaja ne da zane da neman jari, wato zaman kujera na watanni a kan abin da ba a san ko zai karɓu ba, irin zaman da kake gudu yanzu.

Abokinka na Magazin kuwa, ka je ka zauna da shi wata rana ka tambaye shi shekara nawa ya yi yana wanke sifana da miƙa wa maigidansa ƙarfe kafin a bar shi ya buɗe inji shi kaɗai, da sau nawa aka sa shi ya kwance abin da ya ɗaura a gaban mai mota. Shi ma ya sha nasa jan biron, da baki aka yi masa, wani lokaci har da abin da ya fi baki. Bambancinku shi ne shi ya gama koyonsa, kai kana tsakiyar naka. Masu ce maka Farfesa kuma, kada ka ɗauka zango bai san darajar dogon karatu ba. Mu ne mutanen da ake tura yaro wani gari shekara da shekaru neman ilimi ba a tambayar ranar dawowarsa, kuma har yau ana ambaton Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ya rasu a 1934, saboda karatunsa da almajiran da ya bari. Abin da mutanenmu ba su saba da shi ba shi ne karatun da ba a ganin amfaninsa a unguwa. Malamin zaure ana jin karatunsa, ana kai masa tambaya. Kai kuwa an gan ka da kwalabe a bakin rijiya, daga nan ba wanda ya sake jin komai. Ranar da ka tsaya a ƙofar masallaci ka ce rijiyar gidan wane a daina sha sai an tafasa, ka kuma faɗi dalili, sunan zai tsaya amma muryar da ake kiransa da ita za ta sauya.

Mu koma kan malaminka. Riƙe babi wata huɗu ba daidai ba ne, ko da yake na san yawancinsu suna koyar da ɗaruruwan ɗalibai suna kuma duba kundaye da yawa a lokaci guda. Amma shafin da aka cika da jan biro shafi ne da aka karanta, kuma na ga ɗaliban da aka mayar wa aiki fari fat, suka je gaban masu jarrabawa aka yi musu kaca-kaca. Ina kuma kyautata zaton tun ranar ba ka sake taka ofishinsa ba, shi ma yana can yana ɗauka kai ne ka ɓace. Ka je da ƙafarka cikin makon nan, kada ka tura saƙo. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce ka yi sanyi amma ka dawo, ka nemi ya sa maka ranar da za ka kawo shafi biyar, sannan ka roƙi ranar da za ka zo ku duba su tare a gabansa, domin shafi biyar ana karanta su a zama ɗaya, babi guda kuwa ajiye shi ake yi. In ka yi haka sau biyu ko uku ba a kula ka ba, akwai malamin da ke kula da ɗaliban manyan digiri a sashenku, akwai kuma shugaban sashe, ka kai maganar da ladabi, a rubuce, da ranakun da ka miƙa aiki. A wannan zuwan kuma ka bi ta ofis ka tabbatar da matsayin rajistarka, domin jami'o'i suna da iyakar lokacin da suke ba ɗalibi, ƙarin wa'adi kuma nemansa ake yi a rubuce, sau da yawa da kuɗi. Kada ka bari wata takardar da ba ka cike ba ta yanke maka hukuncin da kake ta jinkirin yankewa.

Shi babi na huɗun, ka daina kallonsa a matsayin babi. Ka buɗe sakamakonka ka ɗauki jadawali ɗaya tak, misali na ƙwayar E. coli mai nuna cewa bahaya ya shiga ruwa, wadda ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata a same ta ko ɗaya ba a cikin mililita 100 na ruwan sha. Rijiyoyi nawa ne suka tsallake wannan ƙa'ida, nawa suka faɗi, waɗanda suka faɗi suna kusa da masai ne ko da kwata, a buɗe suke ko a rufe, da damina aka ɗebi ruwan ko da rani? Ka rubuta amsar da Hausa tukuna, kamar Inna ce ta tambaye ka ko a sha ko kada a sha, sannan ka mayar da ita Turanci. Yawancin masu makalewa a wannan babi ba rashin sanin abin faɗa ne yake damunsu ba, ƙoƙarin faɗarsa da muryar manyan mujallu tun daga jimlar farko ne yake shaƙe su. Jadawali ɗaya a rana, daga bayan asuba da kokon safe zuwa azahar, a ɗakin karatu na jami'a, ba a ɗakin da na'urar take ba. Ka nemi wani ɗan ajinku da shi ma ya makale, na tabbata ba za ka rasa ba, ku riƙa zama a teburi ɗaya, kowa ya nuna wa ɗan'uwansa abin da ya rubuta kafin a tashi. Ka ga ke nan ka ƙwato wa karatun abubuwan da wasan ya fi shi da su: aiki mai iyaka, hukunci a ranar, da mutum a ɗaya gefen.

Na'urar kada ka sayar. Ka ɗauke ta ka kai gidan abokin nan naka, ku riƙa bugawa tare ranar Asabar da yamma, kuna zolayar juna, 'ya'yansa suna ihu, in an kira magariba a tashi. Wasa a cikin mutane yana da mai tsayar da shi, na mutum ɗaya a ɗaki cikin dare ne ba shi da birki. Tonawa ma, wato Asantawa, suna ba da labarin cewa wasansu na gargajiya mai suna oware daga aure ya samo sunansa, wai wani mutum da wata mace ne wasan ya yi musu daɗi har suka auri juna don kada su rabu da shi. Ko a tatsuniya, wasan haɗa mutane yake yi. Wasan da ke wayarka kuwa ka goge shi har sai ka miƙa kundin, domin shi yana bin ka har kan katifa. Makon farko zai yi wuya, barci ba zai zo da wuri ba, ka roƙi wani a gida ya riƙa buga maka ƙofa da asuba har jikinka ya koma daidai.

Saura mafi nauyi, wato Baba. Ina ganin wannan "saura kaɗan" da kake faɗa ita ce ta fi jan biron danne ka, domin kowace rana da ta wuce tana ƙara tsadar faɗin gaskiya, kai kuma kana ƙara buƙatar wurin ɓuya. Mahaifinka mai goro ne. Ya san huhu ba a ɗaure shi a manta, kwancewa ake yi lokaci-lokaci a tsince wanda sankara ta taɓa, a sauya ganye a yayyafa ruwa, kuma ya san asarar da aka gani da wuri ita ce mai sauƙi. Ya kuma sha ganin kaya sun makale a hanya, saboda haka jinkiri ba baƙonsa ba ne. Abin da ɗan kasuwa ba ya yafewa da sauƙi shi ne yaron da ya ɓoye masa lissafi. Ka fara zuwa wurin malaminka da ofis tukuna, domin ka zo wa Baba da rana a hannu. Sannan ka same shi shi kaɗai bayan isha'i, ka durƙusa, ka gaya masa aikin ya tsaya wata tara, ka faɗi adadin kuɗin da ka taɓa ba ragi, ka faɗi yadda za ka mayar da shi, ko da koyar da yara darasi da yamma ne. In kana ganin bakinka ba zai iya ba, ka fara gaya wa Inna ko wani baffanka da yake jin maganarsa ya zauna tare da ku, amma maganar daga bakinka za ta fito. Zai yi fushi, wataƙila ya yi kwanaki bai amsa gaisuwarka da sakin fuska ba, ka jure, haƙƙinsa ne.

Ban ce dole ne ka zama malamin jami'a ba, kuma ban ɗauki barin karatu a matsayin abin kunya ga kowa ba. Na san waɗanda suka bari suka kama kasuwa, kuma sun yi daidai. Amma kai ka riga ka yi aikin da ya fi tsada da wahala, ka ci jarrabawa, ka ɗebo ruwa, ka yi gwaji, abin da ya rage watanni ne kaɗan na zama. Ka ba shi wata uku a kan tsarin nan, in bayan haka zuciyarka ta ce a'a, ka sake rubuto mini mu duba wata hanyar. In kuma ka rubuto, ko da wace amsa ce, ka haɗo mini da abin da ka samu a rijiyoyin da ke tsakanin Aboabo da Asawase, domin akwai wadda nake alwala da ruwanta shekara ashirin, jikokina kuma suna sha.